Kwana biyu a zauren kakana

Baffa ne ya kira ni wajen ƙarshen damina, ya ce bangon zaure ya buɗe baki ta gefen gabas, kuma samarin gidan sun fara maganar a ture shi kawai a sa bulo kowa ya huta. Ya ce shi dai ba zai hana su ba tunda ba shi da ƙarfin aikin yanzu, amma in ina so in ƙara ganin zauren a tsaye to in yi ƙoƙari in zo kafin a gama sussuka, don da an kammala aikin gona hankalinsu kansa zai koma. Na ce masa Baffa in sha Allahu ina nan tafe, amma ka san zaman birni, yau da gobe yau da gobe, ban samu tafiyar ba sai da hunturu ya kankama a watan Disamba.

Ƙofar Ruwa na shiga mota da safe, muka bi ta Kurna muka kai Mil Tara muka karya kwana hanyar Daura, hazo ya rufe ko'ina ga ƙura, gonaki duk an kwantar da kara sai damman dawa jingine a gindin bishiya. A Dambatta na sauka na hau mashin, daga nan kuma babu kwalta, yashi ne da burtali, ɗan acaɓan sai ya riƙa sauke ƙafa yana jan mashin ɗin in mun shiga rairayi. Tun daga nesa kukar nake nema da ido, don ita ce alamar gidanmu tun ina yaro, kafin ka ga katanga ita za ka fara gani, daga nan sai zankwayen zauren guda huɗu su leƙo ta saman dangar kara. Wannan karon uku na gani, ɗaya ya faɗi.

Gidan ba a cikin gari yake ba, shi kaɗai ne a tsakiyar gona sai wasu gidaje biyu can nesa da shi. Da ina yaro ban taɓa tambayar dalili ba, sai a wannan zuwan da muka zauna da Baffa a kan dakali bayan la'asar ya warware min. Ya ce ai a zamanin da babu wanda zai yi gangancin kwana a gona a wannan yanki, kowa a cikin ganuwa yake kwana da safe ya fito noma, saboda ƙasar nan ta arewacin Kano ba ta zauna lafiya ba sosai, tun rigimar Ɗan Tunku da Sarkin Kano Ibrahim Dabo wadda daga cikinta aka samu masarautar Kazaure, har zuwa hare-haren Damagarawa a zamanin Sarki Alu. Sai bayan da Turawa suka ci Kano a 1903 aka daina yaƙe-yaƙe da kamen bayi, sannan mutane suka fara fitowa daga garuruwa masu ganuwa suna saran daji suna kafa gida a bakin gonarsu. Kakan Baffa yana cikin waɗanda suka fito a lokacin, shi da matarsa da jakinsa ɗaya.

Abin da ya fara ginawa babu ko ɗaya a tsaye yanzu. Ɗakuna ne zagayayyu na ƙasa da jinka a kai, an kewaye da dangar kara, kuma irin wannan ɗakin ba a gina shi don jikoki su gani, in shuci ya ruɓe a sake baibaya, in bango ya gaji a tashi wani a gefensa. Amma Baffa ya tashi ya ja ni bayan gida ya nuna min wasu duwatsu guda tara a jere kamar an dasa su, rabinsu ya nutse a ƙasa, ya ce nan ne gindin rumbun farko, a kan duwatsun ake ɗora rufewa, wato rumbun ƙasa, don kada danshi da gara su kai ga hatsi. Sai rijiya, wadda har yau ana sha. Sai kududdufin da ke yamma da gidan, wanda ni duk tunanina tafki ne Allah ya yi, ashe ramin da aka riƙa haƙar ƙasar gini ne shekara da shekaru har ya zama abin da ya zama, wato duk bangon da ke gidan nan daga cikin ramin nan ya fito, kuma da damina shi yake tara ruwan da za a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi in rani ya yi.

Zauren kuma kuɗin gyaɗa ne. Wannan kam kowa a gidan ya sani, har Gwaggo in tana ba da labari cewa take "shekarar da Malam ya sayar da gyaɗa ya yi soro". Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama kuɗi, 'yan baranda suna bin ƙauyuka da sikeli suna saye ana kaiwa birni ana tara dala, ita ce ta yi su Alhassan Ɗantata, kuma ɗan abin da ya rage a hannun manomi bayan an biya haraji shi ne ya zama soraye a ƙauyuka irin namu. Mahaifin Baffa, wato kakana, shi ya gina shi kafin a samu mulkin kai, lokacin Baffa yana ɗan yaro yana ɗaukar wa magina ruwa a tulu. A lokacin mutumin ƙauye ya yi zauren soro ba ƙaramin abu ba ne, magana ce yake yi da duk mai wucewa cewa gidan nan ya zauna, akwai hatsi a rumbu, baƙo zai iya sauka.

Na daɗe a cikin zauren nan ina kallo kamar ban taɓa shigarsa ba. Kaurin bangon a ƙasa ya kusa kamu biyu, na gwada da hannuna a bakin ƙofa, amma yana hawa yana sirancewa, shi ya sa in ka tsaya a waje za ka ga kamar ya ɗan jingina ciki. Da tubali aka yi shi, ba bulon ƙasa na kwali da ake bugawa yanzu ba, tubali na hannu mai gindi da tsinin kai kamar ƙwai, wanda ake cuɗa jar ƙasa da ciyawa a tattaka a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa sannan a mulmula a shanya a rana. Ta inda bangon ya tsage ana ganinsu a jere sahu-sahu, kowanne tsininsa na kallon sama, an cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, har na ga sawun yatsun wanda ya mulmula ɗaya daga ciki, yatsu huɗu a fili, mutumin da ya rasu tun kafin a haife ni. Wallahi sai da na sa nawa yatsun a wurin.

Sai rufin, wanda shi ne ainihin gwanintar. Azara ce ta giginya, baƙa ƙirin saboda hayaƙi da shekaru, kuma gara ba ta cinta, shi ya sa magina ba sa haɗa ta da komai. Matsalar azara ita ce ba ta da tsawon da za ta ɗauki nauyin ƙasa a ɗaki mai faɗi, in ta wuce kamu huɗu haka sai ta fara lanƙwasa, to maimakon a kafa ginshiƙi a tsakiya ya tare wuri sai maginin ya fito da ƙafa daga kowane bango, yana ɗora azara kan azara kowacce ta ɗan ɗara ta ƙasanta ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har ƙafafun huɗu suka lanƙwaso suka haɗu a tsakiya, abin da ake kira ɗaurin guga. A daidai mahaɗar an manna wata 'yar tasa ta tangaran mai zanen shuɗi, tana nan har yanzu ba ta ko tsage ba. Irin wannan aikin ne in aka faɗaɗa shi ake samun abin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya, namu dai ɗan ƙarami ne na manomi, amma hikimar ɗaya ce. A saman azarar an shimfiɗa zana, sannan ƙasa, sannan aka bi da abin da ke hana ruwa shiga, aka fitar da indararo biyu ta bayan gida don ruwan ya zuba nesa da gindin bango.

Akwai alkuki a bangon dama inda ake ajiye fitilar aci-balbal, har yanzu da baƙin hayaƙi a samansa, yanzu kuma wayoyi ne a ciki guda biyar ana caji, don yaran sun ɗora faifan sola a kan soron sun zuro waya ta taga. Ƙofar shiga da ƙofar da ke kaiwa cikin gida ba sa kallon juna, ta ciki tana can gefe, don wanda ke zaune a zaure ko mai wucewa a waje kada idonsa ya faɗa tsakar gida. Daga nan sai ka bi ta wani ɗan fili inda ake ɗaure jaki da, sai shigifa, sannan cikin gida. A zauren nan aka ɗaura auren babana, a nan aka raɗa min suna, a nan aka yi zaman makokin kakana, kuma a nan almajirai da fatake suke kwana in dare ya yi musu a hanya.

Cikin gida kuwa in ka tsaya a tsakiya ka juya a hankali kamar kana karanta shekarun gidan ne. Ɗakin Gwaggo shi ne mafi tsufa a cikin waɗanda ake kwana, zagayayye ne har yanzu da jinkarsa, ta ƙi yarda a taɓa mata shi, ta ce ita kwano yana hana ta barci in ana ruwa. Da na shiga gaishe ta na durƙusa sai na ji daɓen ƙasan sumul kamar an goge da mai, ja-ja baƙi-baƙi, ta ce ai wannan daɓen mata goma sha suka yi shi da maɗaɓi suna waƙa ana yayyafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, tun tana amarya a gidan mijinta aka yi wa mahaifiyarta shi, da ta dawo gida bayan rasuwar mijin ta gaje ɗakin. Gadon ƙasa yana nan da ramin wuta a ƙarƙashinsa, wanda ake hura wa mai jego da tsofaffi lokacin sanyi, kuma ranar da na je akwai garwashi a ciki. Ta ce min "ɗan nan, kai ma a kan gadon nan uwarka ta yi jegonka, ka zauna mana ka ji ɗumi." Na zauna.

Kusa da shi sai ɗakin babana, mai kusurwa huɗu da rufin kwano, shi ne kwano na farko a gidan. Babana malamin firamare ne, kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 da su ya sayi bandir ɗin kwano ya ɗoro a kan akori-kura har bakin burtali, daga nan aka ɗauko a ka. Baffa ya ce mutane har daga wasu ƙauyuka suka zo kallo. Amma ya ce kuma a wannan shekarar ce cuta ta faɗa wa gyaɗa ta ƙare ƙarmus, ga shi ba a daɗe da fita daga farin 1973 ba wanda ya cinye musu shanu, to daga nan gyaɗa ba ta ƙara komawa yadda take ba, kuɗin gini ya daina fitowa daga gona ya koma fitowa daga albashi da ci-rani. Nan ne kuma gandu ya fara watsewa. Da, kakana da 'ya'yansa duk gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya tukunya ɗaya, kowa sai 'yar gayaunarsa da yake yi da yamma, kuma duk shekara in an gama kaka gaba ɗayansu suke fitowa su yi wa gidan yaɓe, kwana uku an gama. Da kakana ya rasu aka raba gona, kowa ya ja katanga ya fitar da sashensa, wasu suka fasa ƙofarsu ta baya, sai zauren ya zama na kowa kuma ba na kowa ba. Sassan da aka yi daga baya duk bulo ne da siminti, wasu ko fulasta ba a yi musu ba, ɗaya ma an kai linta aka tsaya shekara nawa.

Yanzu ga inda nawa laifin yake, kuma shi ya sa tafiyar nan ta tsaya min a rai. Shekaru kamar goma da suka wuce na zo na ga yaɓen zauren ya zaizaye, sai na ga ai abin kunya ne muna birni muna aiki zauren kakanmu yana haka, na aiko da kuɗin siminti na ce a yi masa fulasta ta waje gaba ɗaya a shafa fenti, a huta da yaɓen kowace shekara. Da zuciya ɗaya na yi, kowa ya yi ta sa min albarka. Washegarin zuwana Baffa ya aika aka kira wani tsohon magini daga ƙauyen gaba, yana cikin 'yan kaɗan da suka rage masu sanin aikin soro a yankin, shi ma ya gaji abin ne daga ubansa. Tsohon ya zo a kan keke, bai ce komai ba ya zagaya zauren sau biyu, sannan ya riƙa ƙwanƙwasa fulastar da bayan yatsa, ko'ina sai ka ji tana amsawa fayau kamar ganga, alamar babu abin da ke riƙe da ita. Ya sa hannu a bakin tsagar ya ɓamɓaro wani falle kamar faifai, abin da ke bayansa ƙasa ce lugub mai danshi tana zubowa kamar gari, ga hanyoyin gara sun yi rassa har sama, a watan Disamba fa, wata biyu da ɗauke ruwa.

Ya ce min "Alhaji, ƙasa numfashi take yi. In ta sha ruwa da damina, rana ta fito sai ta fitar da shi. Siminti ba ya kama ƙasa, zama kawai yake yi a kanta, in ya tsage ruwa ya shiga ta baya to ba shi da hanyar fita, sai ya zauna yana cin bangon kuna ganin waje lafiya lau." Ban iya ce masa komai ba. Baffa ne ya ce ai ba shi kaɗai ba ne, duk mun ga kamar gyara ne. Kuma gaskiya ne haka ake yi ko'ina, har a cikin birnin Kano gidaje nawa ne aka yi wa wannan suturar suka zube da damina, amma sanin hakan bai rage min nauyin abin ba.

Na tambaye shi da me ake yi da. Ya ce bango makuba ake masa, ɓawon ɗorawa ake jiƙawa har ruwan ya yi ja ya yi kauri a kwaɓa ƙasa da shi a yaɓe, in ya bushe ruwa zamewa yake a kai, kuma bayan shekara biyu ko uku a sake. Rufi kuma laso ake masa, katsi na marina da gashin jima da dafara, wannan in an yi shi da kyau yana shekaru ba a taɓa ba. Amma ya ce yanzu katsin ma ina za ka same shi, karofin ƙauyukan nan duk sun mutu sun zama juji, sai dai a nema a birni wajen Ƙofar Mata, ɗorawar ma an sare da yawa an yi gawayi, giginya kuwa in azara ɗaya ta karye sai an yi tafiya kafin a samu mai sayarwa. Ya ce shi 'ya'yansa babu wanda ya koya, biyu suna acaɓa ɗaya yana buga bulo.

Daren nan a zauren na kwana, na ƙi ɗakin kwanon da aka gyara min. Sanyin hunturu na ƙauye wanda ya sani ya sani, amma da aka rufe ƙyauren sai ga ɗumi yana fitowa daga bango a hankali, zafin ranar da ya sha tun safe, ko bargo ban ja ba sai wajen asuba. Da na fito alwala na tarar da yaran da suka kwana a ɗakin kwano sun hura wuta a tsakar gida suna karkarwa. Da rana kuma abin juyawa yake, zauren ya yi sanyi kamar randa. Na jima a kwance ina haska ɗaurin gugan da fitilar waya ina bin ƙafafun da ido har zuwa 'yar tasar nan.

Da safe muka zauna da samarin gidan, kuma ban ga laifinsu ba ko kaɗan, don maganarsu a kan hanya take, su ne suke nan, su ne za su yi yaɓen duk shekara ba ni ba, kuma yawancinsu da an gama kaka suke tafiya Legas ko Abuja neman kuɗi, daidai lokacin da ake aikin ƙasa. Ɗaya ya ce min "Yaya, kai kana zuwa kwana biyu ka tafi, mu ne muke kwana da tsoron ya faɗo wa yara." Na ce gaskiyarka. Abin da muka tsayar shi ne a ba tsohon dama wannan ranin, a ɓamɓare simintin gaba ɗaya, a tokare rufin ta ciki, a rushe gefen gabas ɗin da ya lalace a sake ɗaga shi da sabon tubali daga kududdufin nan, a mayar da zankon da ya faɗi, kuɗin aikin da na yaɓen duk shekara kuma a wuyana, a riƙa biyan masu yi tunda gayya ta daina haɗuwa. Biyu daga cikinsu ba su gamsu ba, sun dai yi shiru ne saboda Baffa. Wani ƙaramin cikinsu ɗan sakandare shi ya ce zai riƙa bin tsohon yana miƙa masa tubali in an tashi daga makaranta.

Kafin in tafi har an fara saran ƙasa a bakin kududdufi, Gwaggo kuma ta fito da wani buhun ɓawon ɗorawa da ta ɓoye a bayan rumbu ta ce a jiƙa a tsohuwar randarta. Ta cika min leda da kuka da daddawa, Baffa ya rako ni har bakin burtali yana riƙe da jakata duk da na hana shi. Ya ce tubali yana son kamar sati biyu ya bushe sosai a wannan iskar, in an fara ɗorawa zai sa yaran su ɗauko min hoto a waya. Mai mashin ɗin da ya kawo ni ne ya dawo ɗaukata, ranar Lahadi ce kasuwar Dambatta tana ci, hanya duk shanu da amalanke, sai da muka yi kusan awa kafin mu fita kwalta.